Yadda ake ɗaukar dillalin da zai tsaya maka wajen sayen gida

Yawancin masu neman shawarata kafin sayen gida sukan fara da tambayar farashin unguwanni, alhali tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wane ne zai tsaya a ɓangarensu idan an zauna ciniki. A Kano da Kaduna da Zariya da sauran garuruwanmu da wuya a sayar da gida ba tare da dillali ba, amma dillalin da ya kai ka ganin gida galibi mai gidan ne ya ba shi tallarsa, saboda haka buƙatar mai gida yake karewa, ko da kuwa a motarka kuka je. Mai saye yana iya ɗaukar nasa dillalin, yana kuma iya tafiya ba tare da shi ba. Ra'ayina shi ne dillalin mai saye yana da amfani ga mutane da dama, da sharaɗin a rubuta aikinsa da ladansa tun farko, kuma kada a bar shi ya maye gurbin lauya.

Abubuwan da za ka tanada

Kafin ka yi magana da kowane dillali, ka rubuta iyakar kuɗin da za ka iya kashewa, sannan ka cire abin da ba na gida ba: la'ada, ladan lauya, kuɗin bincike a ma'aikatar ƙasa, harajin takardu, da kuɗin gyaran da ba ya rasuwa a gidan da aka taɓa zama. Abin da ya rage shi ne ainihin kuɗin gidanka. Ka rubuta unguwanni biyu ko uku da kake so, yawan ɗakuna, da abubuwan da ba za ka sassauta a kansu ba, kamar samun ruwa ko hanyar da mota ke shiga da damina. Ka tanadi katin shaidarka da asusun banki da za a biya kuɗi ta cikinsa, da littafi ɗaya da za ka riƙa rubuta kowane gida da aka nuna maka da farashin da aka faɗa da ranar da aka faɗe shi. Ka samu lauyan da ya saba da harkar filaye, da magini ko injiniyan da ka yarda da shi, da kuma mutum biyu masu mutunci da za su yi maka shaida. Waya mai ɗaukar hoto ta isa wajen adana takardu da tsagar bango.

Mataki na 1: Ka yanke shawara ko kana buƙatar dillali

Idan a unguwar da ka tashi za ka saya, ka san mai gidan, ka san tarihin gidan, kuma shi da kansa ya yi maka tayinsa, babu dalilin da zai sa ka ƙara wa kanka la'ada. Lauya da shaidu sun wadatar. Haka nan idan daga kamfanin gine-gine ko hukumar gidaje ta jiha za ka saya, inda farashi a rubuce yake kuma ba a cika yin ragi ba, aikin dillali kaɗan ne.

Amma idan baƙo ne kai a garin, ko aikinka ba ya barinka zagaye, ko kana zaune a wata jiha ko wata ƙasa kana turo kuɗi, to kana buƙatar wanda ya san lungunan. Gidaje masu kyau da yawa ba a saka musu allon sayarwa, domin mai gida ba ya son maƙwabta su san halin da yake ciki. Labarinsu a bakin dillalai kawai yake yawo. Dillalin da ya daɗe a yanki ya san layin da ruwa ke kwanciya a watan Agusta, ya san gidan da magada suke rigima a kansa, ya kuma san nawa aka sayar da gidan da ke kusa a bara. Wannan sanin shi kake saye da la'adarka.

Mataki na 2: Ka fahimci yadda la'ada take aiki

Wannan shi ne wurin da sabon mai saye ya fi yin asara, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Abin da aka fi ambata a cinikin gida a Najeriya shi ne kashi 5 cikin 100 na farashi, kodayake ana sasantawa, musamman idan kuɗin ya yi yawa. A wani cinikin mai sayarwa ne yake biya, a wani mai saye, a wani kuma dillali yana karɓa daga ɓangarorin biyu, kowane ɓangare yana zaton shi kaɗai ya biya.

Ka ɗauki misalin gidan naira miliyan 30. La'adar kashi 5 ita ce naira miliyan 1 da dubu 500. Idan dillali ya dage ya samo maka ragin miliyan 2, la'adarsa ta ragu da naira dubu 100. Ma'ana, duk lokacin da ya yi maka ƙoƙari aljihunsa ne yake raguwa, kuma idan cinikin ya rushe saboda ya gano matsala a takardu, ba shi da ko sisi. Ba sai mutum ya kasance maha'inci ba kafin irin wannan tsari ya rinjayi shawararsa. Shi ya sa nake ba da shawarar a yanke wa dillalin mai saye lada tsayayye wanda ba ya hawa da hawan farashi, sannan a ƙara masa wani kaso na duk ragin da ya samo daga farashin farko da mai gida ya faɗa da bakinsa. Da haka ribarsa da taka suke fuskantar wuri ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi la'ada cin kuɗin mai saye, wato ɗori. Mai gida yana cewa a kawo masa miliyan 25, dillali na farko ya faɗa wa na biyu miliyan 27, kafin labari ya iso gare ka ta bakin na huɗu ya zama miliyan 30, kuma bayan haka a nemi ka biya la'ada a kan miliyan 30 ɗin. Alamar ɗori ita ce ƙin haɗa ka da mai gida. Kullum za a ce ya yi tafiya, ko ba ya son a san shi, ko ya wakilta dillali ya karɓi kuɗi. Babban aikin dillalinka shi ne ya tsallake wannan jerin ya kai ka gaban wanda sunansa yake kan takarda.

Mataki na 3: Zaɓen mutumin

Ka nemi sunaye daga waɗanda suka sayi gida a yankin shekara biyu ko uku da suka wuce, ba waɗanda suka saya a makon jiya ba, domin matsalar takardu ba ta fitowa da wuri. Ka tambayi mai unguwa ko ya san shi. Ka je inda yake zama, ofis ne ko rumfa, ka tabbatar yana da wurin da za a same shi gobe idan magana ta taso. Idan yana cikin ƙungiyar dillalan yankin, ka san shugabanninta, saboda su ne farkon waɗanda za a kai wa ƙara.

Idan gidan mai tsada ne, ko banki ne zai ba ka bashi, ka duba ƙwararrun masu ƙiyasta darajar gidaje waɗanda hukumar ESVARBON ta yi wa rajista. An kafa hukumar a 1975, kuma tana iya hukunta wanda ya saɓa ƙa'idar sana'a, abin da ba ka samu a wurin dillalin bakin titi. Sun fi tsada, amma suna ba da rahoton ƙima a rubuce wanda banki yake karɓa. Ga gidan talaka a cikin unguwa kuwa, dillalin gargajiya mai amana ya fi su sanin ƙasa.

A zaman farko ka tambaye shi kai tsaye ko yana da gidajen da masu su suka ba shi talla. Kusan kowane dillali yana da su, kuma wannan ba laifi ba ne, amma wajibi ne ya faɗa maka idan gidan da ya nuna maka yana cikinsu. Wanda ya fara neman kuɗi mai yawa kafin ya nuna maka komai, ko ya ce akwai wani Alhaji da zai biya gobe don haka ka yi sauri, ka rabu da shi. Game da ɗan'uwa ko surukin da yake taɓa dillanci, ka yi tunani sau biyu, domin ranar da ya kamata ka tuhume shi kunya za ta hana ka.

Mataki na 4: Ku rubuta yarjejeniya

Shafi ɗaya ya isa. A rubuta sunayenku, irin gidan da ake nema da unguwannin, adadin ladansa da lokacin biyansa, wato bayan an sa hannu a takardun ciniki kuma an miƙa maka makulli. A rubuta cewa ba zai karɓi komai daga mai sayarwa ba sai da saninka, cewa idan akwai wasu dillalai a tsakani shi zai sallame su daga kasonsa ko daga kason mai gida, kuma cewa ba shi da izinin karɓar kuɗin gida a madadin kowa. A sa wa'adi, kamar wata uku, wanda idan ya cika kowa yana da damar kama gabansa. A ƙayyade kuɗin zirga-zirga, ko dai adadi ɗaya a wata ko kuma kai ka riƙa ɗaukarsa a abin hawanka. Ku sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi.

Wasu dillalan za su ce rubutu rashin yarda ne. Ka amsa da cewa takardar tana kare shi ma, domin ita ce hujjarsa idan ka zagaye shi ka koma wurin mai gida a ɓoye, abin da masu saye suke yi fiye da yadda suke yarda. Ko a Amurka, tun watan Agustan 2024 dillalan da ke ƙarƙashin babbar ƙungiyarsu ta ƙasa ba sa zagayawa da mai saye ganin gida sai an sa hannu a takardar da ta faɗi ladansu. Idan mutumin ba ya karatu da boko, a rubuta da ajami ko a karanta masa gaban shaidunsa ya dangwala yatsa.

Mataki na 5: Duba gidaje

Kada ka faɗa wa dillali iyakar kuɗinka gaba ɗaya; ka ba shi adadin da ya yi ƙasa da shi kaɗan. Duk gidan da ya kwanta maka, ka koma ka gan shi ba tare da dillalin ba, sau ɗaya da rana sau ɗaya da dare, ka yi hira da mai shagon layin da maƙwabta. Idan da hali ka gan shi bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi. Idan rani ne, ka duba gindin katangu: layin danshi ko gishirin da ya fito a jikin bulo yana nuna inda ruwa yake kaiwa. Sabon fenti a ƙasan bango kaɗai abin tambaya ne.

Sai ka kawo magininka. Ya duba tsagar bango, musamman wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ya leƙa cikin silin ya ga katako da kwano, ya duba masai da inda ruwan wanka yake fita. Ka nemi ganin takardar kuɗin wuta ta ƙarshe, domin bashin da ke kan mita yakan bi gidan, kuma sabon mai gida ne ma'aikatan lantarki za su tarar. Ka lura ko gidan yana ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko a kan magudanar ruwa, ko ya ci hanya. Jan fentin hukumar tsara birni a jikin katanga, irin na KNUPDA a Kano, ba abin da za a ce maka an riga an daidaita ba ne. Sai ka ga takardar da ta nuna haka.

Mataki na 6: Mai gida da takardunsa

A nan aikin dillali yake tsayawa, na lauya ya fara. Dillali, komai amanarsa, yana samun kuɗi ne idan an yi ciniki, lauyanka kuwa ana biyansa ko an saya ko an fasa, don haka shi ne zai iya ce maka kada ka saya. Kada ka yarda da lauyan mai sayarwa ko wanda dillali ya kawo ya tsaya wa ɓangarorin biyu.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, don haka abin da kake saye shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda takardar shaida ta gwamnati da ake kira C of O take tabbatarwa, galibi na shekara 99 ga gidan zama. Sashe na 22 na dokar ya hana mai irin wannan haƙƙi miƙa shi ga wani ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. A Abuja ministan babban birnin tarayya ne yake ba da amincewar. Lauyanka zai ɗauki lambar takardar ya nemi bincike a hukumance a ofishin da ke adana bayanan filaye: a Kano a ma'aikatar ƙasa da hukumar KANGIS, a Kaduna a KADGIS, a Abuja a AGIS. Binciken zai nuna sunan wanda ke kan fayil, girman filin, ko an jinginar da gidan a banki, da ko akwai bashin harajin ƙasa. Ka dage a nuna maka takardar asali. Wanda ya kawo kwafi kaɗai yana cewa ta asalin ta ɓata, sau da yawa tana ajiye ne a banki ko a hannun wanda ya ba shi bashi. Idan iyakar filin tana da shakku, a kawo safiyo ya gwada ta da taswirar da ke cikin takardar.

Gidaje masu yawa a unguwanninmu awon igiya ne, ba su da C of O, sai takardun ciniki masu sa hannun mai unguwa da dagaci. Ana sayen irinsu kullum, kuma ba na cewa a guje su, amma farashinsu ya kamata ya nuna wannan rauni. A nan lauya zai bi jerin takardun daga mai gida na yanzu zuwa wanda ya fara yanka filin, a je wurin mai unguwa da dagaci a tabbatar da sa hannunsu, a tambayi maƙwabta na kowane ɓangare game da iyaka, sannan a bincika a ma'aikatar ƙasa ko wurin yana cikin filin da gwamnati ta keɓe wa makaranta, hanya ko maƙabarta.

Gidan gado yana buƙatar ƙarin haƙuri. Kada ka saya daga babban ɗa shi kaɗai don ya ce 'yan'uwansa sun yarda. A kawo takardar rabon gado daga kotu, ko kuma duk magada, har da mata da waɗanda suke aure a wani gari, su sa hannu, marayu ƙanana kuma a bi ta hannun waliyyinsu da izinin kotu. Idan kason mutum ɗaya ne kake saye a gidan da ba a raba ba, ka sani cewa a fiƙihun Malikiyya sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shuf'a, wato su mayar maka da kuɗinka su karɓi kason. Idan kuma wakili ne yake sayarwa, a ga takardar wakilcinsa, a kuma yi magana da mai gidan kai tsaye ko da ta kiran bidiyo ne.

Mataki na 7: Tayi da ciniki

Kafin ka taya, dillalinka ya kawo maka farashin gidaje biyu ko uku da aka riga aka sayar a kusa, ba waɗanda ake talla ba. Ka haɗa da ƙiyasin gyaran da magini ya yi, ka fara tayi ƙasa da abin da kake shirin biya. Idan mai gida ya ce albarka, ka bar dillali ya yi kai-komo, wannan sana'arsa ce, amma ranar sallamawa ka kasance a wurin ka ji adadin daga bakin mai gida gaban shaidu. A wannan zama ne za a faɗi wanda zai biya la'adar kowane dillali, da ranar da masu haya za su tashi idan akwai su, da abubuwan da za a bari a gidan kamar tankin ruwa da injin rijiyar burtsatse.

Kada ka ba da kafin alƙalami kafin sakamakon bincike ya fito, domin yin haka cinikin biri a sama ne. Idan mai gida ya matsa sai an ba shi wani abu don ya daina tallar gidan, a ba da kaɗan, a rubuta cewa za a mayar da shi cikakke idan takardu suka nuna matsala, kuma ya fi kyau kuɗin ya zauna a hannun lauya.

Mataki na 8: Biya da karɓar gida

Ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardar gidan, ba asusun dillali ba, ba na ɗan mai gida ba. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma sama da miliyan 10, sannan shaidar banki ita ce hujjarka mafi ƙarfi a kotu. A rana ɗaya, a zama ɗaya, a sa hannu a takardar miƙa mallaka da lauyanka ya rubuta, a ba ka takardun asali da rasit da makullai. A rubuta ainihin farashin. Rage shi a takarda don guje wa haraji yana nufin idan ciniki ya warware, abin da aka rubuta kaɗai za ka iya nema.

Bayan makulli ya shiga hannunka sai ka biya dillali ladansa, shi ma ta banki, ya sa hannu cewa ya karɓa kuma babu sauran wanda yake binka la'ada a kan wannan gida. Ka canza makullai a ranar, ka sa wani ya kwana a ciki idan ba za ka tare nan da nan ba, domin gidan da aka bari a rufe shi ne ake sayar wa mutum na biyu. A cikin makon lauyanka ya shigar da neman amincewar gwamna, a biya harajin hatimi, a yi wa takardar rajista da sunanka. Idan gidan awon igiya ne, ka kai takardar cinikin wurin mai unguwa da dagaci su sa hannu, sannan ka buɗe fayil a ma'aikatar ƙasa ka fara neman C of O da sunanka.